Yaushe ake barin ɗalibin likitanci ya yi wa majinyaci aiki shi kaɗai?

Tambaya daga ɗalibin likitanci:
Malamaina, ina neman ƙarin haske. Ana barinmu mu ɗebi jini, mu sa allurar ƙarin ruwa ba kowa a kanmu, amma idan aka zo sa robar fitsari ko robar abinci ta hanci, wani likitan ya ce sai yana tsaye, wani kuma ya ce mu yi, mu kira shi in ta kama. Wane ma'auni ake bi?

Amsa daga malamin likitanci:
Ɗalibi, abu biyu ake dubawa: girman haɗarin aikin, da ƙwarewar da malami ya gani da idonsa a hannunka. Tsarin da ya samo asali daga aikin Olle ten Cate, masanin koyar da likitanci na ƙasar Holan, a 2005 ya raba sa ido zuwa mataki biyar: kallo kawai, yin aiki a gaban malami, yin sa malami na kusa, yin sa kai kaɗai, sannan koya wa na baya. Kowane aiki da matakinsa, don haka iya ɗiban jini ba ya ba ka izinin sa robar hanci, domin tana iya kaucewa zuwa huhu, kuma ba a zuba abinci sai an gwada ruwan da aka zuƙo ta robar an ga ma'aunin tsaminsa, wato pH, 5.5 ne ko ƙasa da haka, ko an ɗauki hoton ƙirji.

Amsa daga ma'aikaciyar jinya:
Malamin likitanci ya yi gaskiya. Robar fitsari ma ana raina ta, alhali idan aka hura balan-balan ɗin da ke riƙe ta a mafitsara kafin fitsari ya fito, ana iya yaga hanyar fitsarin namiji. Sannan wajibi ne majinyaci ya san ɗalibi ne zai taɓa shi, kuma yana da ikon ƙin yarda. Wajen ɗiban jini ko sa allurar ƙarin ruwa kuwa, idan aka nemi jijiya sau biyu ba a samu ba, a miƙa wa wani.

Amsa daga ƙaramin likita:
Ranka ya daɗe, da dare likita ɗaya ke riƙe da ɗakuna da yawa, shi ya sa ake cewa "yi, ka kira ni". Duk da haka, a ganina wannan izini bai halatta ba sai ga aikin da aka riga aka shaida ɗalibi ya iya, aka sa masa hannu a littafin horonsa.