Wai da gaske ne masana sun taɓa raina kwamfuta?

Ɗan Garuwa:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare muna shan shayi a majalisa sai wani malamin makaranta ya ce wai ko a Amurka manyan masu kamfani sun taɓa cewa kwamfuta ba za ta shiga gidaje ba, ni dai na musa, na ce irin wannan taurin kai ai sai mu nan, don ina tuna kawuna da ya rantse ba zai taɓa zuba kuɗinsa cikin waya ba, wai kuɗin da hannunka bai ƙirga ba ba naka ba ne, yau ga shi da Orange Money yake biyan dillalan shanu har Ngaundere. Gaskiya ne ko malam ya ƙara gishiri?

Baban Ummi, Injamena:
Wa alaikumus salam. Malam bai ƙara komai ba ƙanena. Ken Olsen da ya kafa kamfanin DEC, kwamfuta fa yake ƙerawa ba tumatur yake sayarwa ba, shi ya ce a 1977 babu dalilin da zai sa mutum ya ajiye kwamfuta a gidansa. Steve Ballmer kuma shugaban Microsoft na lokacin dariya ya yi wa iPhone a 2007, wai dala 500 kuma ba ta da maɓallan rubutu, 'yan kasuwa ba za su so ta ba. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Yar Marwa:
Hhhh ni wanda ya fi ba ni dariya Robert Metcalfe ne, wanda ya ƙirƙiro Ethernet, wato hanyar haɗa kwamfutoci da kebul. A 1995 ya rubuta cewa intanet za ta rushe a 1996, ya yi alkawarin in bai faru ba zai ci maganarsa, to a 1997 gaban taro ya niƙa takardar da ruwa ya sha abinsa kamar kunu. Ya fi wasu dattako wallahi.

Mai Gyaran Waya, Kusri:
Ku yi musu adalci dai. Wanda ya shiga siber, wato shagon intanet, a garin nan lokacin da muke biyan kuɗin awa guda shafi ɗaya bai gama buɗewa ba wuta ta ɗauke, wa zai ce masa wannan abin zai kori wasiƙar da ake ba direban mota ya yarda? Ni kaina ban yarda ba, ga shi yau da shi nake ci. Kuma ba duka ake faɗa ne gaskiya ba, maganar da ake jingina wa Thomas Watson na IBM wai kwamfuta biyar ta ishi duniya ba a samu inda ya faɗe ta ba.

Ɗan Garuwa:
To na sha kaye, yau ni zan sayi sukarin shayi. Amma labarin mai shan takarda sai na kai wa kawu.