Neman kalma: me za mu kira acceleration da Hausa?

Malamin Fiziks:
Jama'a, a taimaka mu tsayar da kalma ɗaya. Ana rubuta "sauri", "gudu", "ƙarin gudu", duk a kan abu ɗaya, ɗalibi kuma ya ruɗe. Abin da ake nufi shi ne yawan sauyin da gudu ke yi cikin kowane sakan. Mota ta tashi daga tsaye, cikin sakan 10 allurar maleji ta hau 72. Wannan hawan allurar muke nema wa suna.

Bakanike:
Malam, a gareji "ba ta wuta" ake cewa, ko "taka totur". Me zai hana a ce ƙarin gudu?

Injiniya:
Oga, ƙarin gudu rabin zancen ne. In ka taka birki allura ta sauko, lissafin ɗaya ne, sai dai amsar ta zo da alamar ragi. Haka motar da ke zagaya shataletale allura na tsaye a kan 30, ita ma tana ciki, domin alƙiblarta na sauyawa. Ni hanzari na zaɓa. Bahaushe da kansa ya raba su da ya ce "hanzari ba gudu ba". A bar wa gudu nisan da aka ci a cikin lokaci, hanzari ya ɗauki sauyin gudun ko na alƙiblarsa.

Malama Mai Lissafi:
Na yarda, Injiniya, amma inda ake faɗuwa shi ne ma'auni. A misalin Malam, yaro zai raba 72 da 10 ya rubuta 7.2, ya liƙa masa mita. Kuskure ne, domin 72 ɗin kilomita ne a awa, 10 kuwa sakan ne. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce, awa ɗaya sakan 3,600, shi ya sa ake fara raba gudun da 3.6. Sai 72 ya koma mita 20 a sakan. Raba 20 da 10, hanzari ya zama 2: kowane sakan gudun motar na ƙaruwa da mita 2 a sakan. Dutsen da aka saki daga sama nasa kusan 9.8 ne, wato ya kusa ninka na motar nan sau biyar.

Wani ramin kuma: awa ɗaya da minti 30 awa 1.5 ce, ba 1.30 ba.

Bakanike:
A lura da motocin da aka shigo da su daga Amurka, manyan lambobin malejinsu mil ne. Mil ɗaya kusan kilomita 1.609 ne, mil 60 a awa ya kai kilomita 96 da ɗoriya.

Malamin Fiziks:
To sakan za mu rubuta ko daƙiƙa?

Malama Mai Lissafi:
Sakan, Malam. A Larabci daƙiƙa minti ce, ɗan'uwanmu da ke karatu a Sudan ko Chadi zai ɗauke ta haka, amsarsa ta kauce ninki 60.

Malamin Fiziks:
Madalla. Hanzari ke nan, na birki kuma hanzarin ragi. Ma'auninsa mita a sakan cikin kowane sakan.