Rubutun da ya tada ƙura a zauren gidanmu

A zauren zumuncin gidanmu na WhatsApp aka yi wannan, tsakanin 'yan uwa na Gwandu da Jega da Birnin Kebbi. Mijin wata ƙanwarmu ne ya turo mata saki ta saƙon waya, ya ce ta bar masa gida kafin magariba, ya kuma riƙe yara biyu. Wadda muke kira 'Yar Jami'a ta rubuta labarin a Facebook. Na cire sunaye, na bar laƙabi.

Kawu Babba: Salamu alaikum. Ke 'Yar Jami'a, an gwada min abin da kinka rubuta. Ki goge shi. Maganar gida a zaure aka kashe ta, ba a kasuwa ba. Wanga abu da kuke kira feminizim, wai fafutukar 'yancin mata, kayan Turawa ne. Ku faɗa min macen ƙauye guda da kukan Facebook ya taɓa share ma hawaye.

'Yar Jami'a: Kawu, Allah ya ƙara girma. Ban sa suna ba, ban sa gari ba, ban ma ambaci feminizim ba. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ na kawo, wadda ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta tana cikin idda. In ta Turawa ce, a gyara min.

Gwaggo: Yaya, wane zaure? Sau ukku anka tafi zauren gidan mijin, ko ruwa ba a ba ku ba. Ni na ɗauko yarinyar ga daga tashar Jega. Buhun Ghana-must-go biyu, guda zif ya ɓalle an ɗaure shi da kallabi. Takalmin ƙaramin ɗanta ƙafa guda a hannunta, ba ta ma san tana riƙe da shi ba. Yaron wata goma sha huɗu, ba a yaye shi ba. Gaban rigarta duk ya jiƙe.

Yaya Injiniya: Gwaggo, ba mai cewa an kyauta. Amma tambayar Kawu tana nan. A Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri. An yi ihu a intanet na 'yan kwanaki, aka koma wani zance. 'Yan mata goma sha ɗaya suka rage a daji, na ƙarshensu sai 2023 suka dawo, iyayensu ne suka yi ta bin jama'a da ƙoƙon bara. A Maris 2022 mata sun yi kwanaki a ƙofar Majalisar Tarayya kan ƙudurori biyar na haƙƙin mata da aka kayar, me ya fito? Zaɓen 2023 mata huɗu kacal ya kai Majalisar Dattawa mai kujera 109. Surutu ne kawai.

Anti Malama: Injiniya, hujjar taka ai ta nuna ihun ne ya yi kaɗan, ba wai ya yi yawa ba. Kuma wannan katin zaɓen da kuke zuwa da mota ku kwashe mu mu dangwala, daga sama ya faɗo? Matan Kudu sun daɗe suna zaɓe, mu na Arewa sai 1976. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a NEPU a kan haka, kuma a lokacin cewa aka yi ba ta da kunya. Kawu, ka ce mu 'yan aro ne. Mu jikokin Gwandu? Su wa suka tura jajis, wato malamai mata, da malfa a ka, ƙauye ƙauye, suna karantar da mata a tsarin 'yan taru? Nana Asma'u ce, ta rasu tun 1864, kafin Bature ya ci Sakkwato a 1903.

Kawu Babba: A'a, kar ki haɗa Nana da waɗanga. Ɗiyar Shehu ce, matar Waziri Giɗaɗo, da yardarsu ta yi aikinta. Ba ta taɓa tona asirin gidan kowa ba.

'Yar Jami'a: Amma Kawu, Shehun da kansa a Nurul Albab ya caccaki malaman da suka bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Bai kira su gefe ba, littafi ya rubuta aka yi ta kwafa.

Malam Ƙarami: Ku ba ni dama. Kowa ya tuna shari'ar Safiya Husaini. A Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta wanke ta. Duniya ta yi hayaniya ƙwarai, amma abin da lauyoyi suka shiga kotu da shi fiƙihun Malikiyya ne, har da mas'alar kwantaccen ciki. A tamu ma haka. A mazhabarmu renon yara na uwa ne bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, in uwar ta yi aure ya koma ga kaka ta wajen uwa. Ciyarwa kan uba. Alƙali ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Sai dai ke ma ƙanwata, na shiga ƙasan rubutunki. Wani na zagin mazan Arewa kaf, wata na zagin addini, wata kuma ta ce ta gane ko wace ce.

Yaya Injiniya: To kun ji.

Gwaggo: Ni wannan ya fi damuna. Ke, kin tambayi mai abin kafin ki rubuta?

'Yar Jami'a: Gaskiya ban tambaye ta ba, Gwaggo. Raina ne ya ɓaci. Amma kafin rubutun nan wa ya buɗe baki a zauren nan? Kwana tara sai addu'ar barka da Juma'a ake turowa.

Anti Malama: Wannan kam ba ƙarya.

Mai abin: Duk ina karantawa. 'Yar Jami'a, ki ɓoye rubutun don Allah, surukata ta kira Inna tana faɗa. Ban ce kin yi laifi ba. Ni yarona nake so. Yau da zazzaɓi na kwana saboda nono.

'Yar Jami'a: Na ɓoye. Ki yafe ni.

Kawu Babba: Zan koma wurin ubanshi bayan isha'i, karo na ƙarshe.

Malam Ƙarami: In bai bayar ba, Litinin ƙarfe takwas mu haɗu a ƙofar kotu. Kada ta goge saƙon sakin. Injiniya, motarka za mu shiga.

Yaya Injiniya: Ba mai a ciki, amma zan nemo.