Adana wake kada ƙwari su ci: abin da mutane suka ce

Wata uwargida ta nemi shawarar yadda za ta adana waken da ta saya da kaka. Baki ya zo ɗaya a kan shanya: a baza shi a rana ya bushe ƙayau tukuna. Mafi yawa suka ce sai a sa a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, don rashin iska ke kashe ƙwaron. In waken kaɗan ne, jarka mai murfi ta wadatar, amma a cika ta fal. Dattawa sun ambaci toka da busasshen barkono. Wanda ya ce a zuba maganin ƙwari na Sniper kuwa an yi masa caa, kuma da gaskiyarsu: guba ce, ga yara za su ci.