Wa ya taɓa shiga daji neman ramps, albasar dajin Amurka?

Maman Ilham: Salam 'yan uwa. Ran Asabar maƙwabciyata ta ja ni dajin bayan gidansu nan West Virginia ɗibar ramps, ganye biyu ne ko uku masu faɗi, ƙasan ganyen ja-ja, ƙamshinsa tsakanin albasa da tafarnuwa, na soya da ƙwai wallahi har dare gidan na ƙamshi. Amma da na kai hannu zan tuge sai ta riƙe ni, wai ganye ɗaya ake yanka a bar kan a ƙasa. Ku ma haka kuka tarar?

Ɗan Damagaram: Hajiya gaskiya ta gaya miki. Mu nan Quebec ta Kanada tun 1995 aka hana sayar da shi, kai 50 kacal aka yarda mutum ya ɗiba a shekara don bakinsa.

Baban Yusra: Ni dai na yi ɓarna, har yau abin na damuna. Shekarar da na fara gani ɗauka na yi kamar albasar fadama ce, na je da shebur na tone wani fili tas na cika leda biyu, rabi ma a firij ya lalace. Yau shekara huɗu duk Afrilu sai na koma wajen, ganye bai fi goma ba. Daga baya na ji ashe daga iri zuwa ya isa ci sai ya yi shekara 5 zuwa 7, irin ma yakan wuce shekara a ƙasa bai tsiro ba, kuma ganyen 'yan makonni yake yi kafin bishiyoyi su rufe shi da inuwa ya bushe. Shi ya sa hukumar gandun dajin Great Smoky Mountains na Amurka ta hana ɗiba tun 2002.

Anti Bilki: Don Allah ku riƙa murza ganyen kuna shinshinawa, akwai masu guba da ke fitowa kusa da shi lokaci ɗaya. Ɗana ya taɓa haɗo min wani a kwando, da na murza ba ƙamshin albasa ko kaɗan, jikina har rawa yake.

Maman Ilham: Subhanallah, Allah Ya tsare Anti. Baban Yusra ko za ka gwada zuba iri a wajen?

Baban Yusra: Na zuba bara da kaka, na rufe da busassun ganye. Ban ga komai ba tukun, ina dai leƙawa.