Talabijin ɗin Hajiyarmu ya daina buɗe asusun kallona, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nake biyan kuɗin wata manhajar kallon fina-finai duk wata. Ina aiki a Abuja, mahaifiyata tana Kano, da asusuna take kallo. Yanzu talabijin ɗinta sai ya rubuta wai ba ya cikin na'urorin gidan mai asusun. In na tura mata lambar da ke shigowa imel ɗina ya buɗe, bayan 'yan kwanaki ya sake rufewa, ita kuma shigar da lambar nan wahala yake ba ta.

Na san tun 2023 Netflix ya fara wannan doka ta hana raba asusu da wanda ba gida ɗaya kuke ba, wasu suka bi sahu, kuma da adireshin intanet suke gane gida. To mu da muke amfani da MiFi da datar waya fa? In na mayar da gidanta babban gidan asusun, nawa talabijin zai rufe? Don Allah wanda ya taɓa warware wannan ya taimaka.