Na maƙale a Machinarium kwana shida, in buɗe littafin ko in daure?

Ɗan Garin Malam:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina buga Machinarium a waya, wasan nan na Josef ɗan mutum-mutumin ƙarfe da aka zubar a juji. Na fito daga kurkuku na shigo cikin gari har wurin makaɗan nan uku da kayan kiɗansu suka lalace. Cikin mashayar akwai wani zaune a teburi, dole sai ka ci shi wasan jera biyar, to yau kwana shida ke nan yana cina, jiya har ƙarfe biyu na dare ina kai. Na taɓa ƙwan fitilar da ke ba da ɗan taimako a wasan, hoto guda ya nuna min, abin da na riga na sani. Littafin nan mai makulli da ke nuna mafita a cikin wasan ban taɓa buɗe shi ba tun farkon wasa kuma raina bai so, YouTube kuma forfena saura kaɗan. In buɗe, in kalla ko in daure? Don Allah kada wani ya faɗa min ƙarshen labari.

Na Zengo:
Ka miƙar da jikinsa sama, ka kuma gajarta shi ka duba ƙasa. Ba ya ɗaukar abu sai hannunsa ya kai, can mutane ke maƙalewa.

Ɗan Garin Malam:
Yaya na san wannan, ba abu nake nema ba, wasan teburin ne.

Mai Kabu-kabu:
Ƙanena buɗe littafinka tun wayar na hannunka. Ni bara haka na yi ta taurin kai, wata biyu ina bin wasan nan daki-daki ban nemi taimakon kowa ba, in na ajiye babur da dare sai in zauna ƙofar gida in buga. Na wuce makaɗan, na wuce gidan shuke-shuken, na kusa hasumiya. Sai bakin caji ya lalace na kai wa wani mai gyara a kasuwa, na ce masa bakin caji kaɗai, har sau biyu na faɗa. Na dawo la'asar ya miƙo min waya fes kamar sabuwa, wai ya ga tana nauyi ya yi mata filashin. Hotunan sunan ɗiyata sun tafi, lambobi sun tafi, wasa ya koma juji wurin da ake haɗa masa ƙafa da hannu. Wallahi na tsaya gaban rumfar na kasa magana, shi kuma yana jiran kuɗinsa, har da ƙarin dala ɗari biyu na filashin da ban sa shi ba. Har yau ban sake buɗe wasan ba, zuciyata ba ta iya maimaita duk wancan.

Na Zengo:
Innalillahi. Ka biya shi?

Mai Kabu-kabu:
Na biya mana, mutane sun taru ana ba ni haƙuri. Abin da ya fi min ciwo hotunan ne.

Ɗan Sabon Gari:
Allah ya mayar da alheri. Amma filashin ai jikka biyu ake yi, dala ɗari biyu ya yi maka sauƙi ma.

Ƴar Birni:
Wane jikka biyu, ƙanena jikka guda aka yi masa watan jiya har da sa masa WhatsApp.

Ɗan Sabon Gari:
Ya danganta da waya Hajiya. Shi wasan ma nawa kuka saya? Ni wajen jikka uku ya ci min ta katin wani abokina.

Na Zengo:
Ni bai kai jikka ba, lokacin rangwame na dace.

Sarkin Fada:
Ku kai wayar gindin bedi wurin tsofaffin da ke dara, kafin shayi na biyu ya tafasa sun kori ɗan ƙarfen nan daga teburi 😂

Malam Lakwal:
Ana dariya amma ba ɗaya ba ne. Dara uku kake jerawa, gidaje talatin, kowa da ƴaƴa sha biyu, kuma ba a lissafa karkace. Wannan biyar ne kuma karkacen ma ci ne, wanda ya saba dara ta nan ake shammatarsa. Game da littafin, mutanen Amanita Design na ƙasar Cek da suka fitar da wasan a 2009 su suka sa shi ciki da hannunsu, kuma ba kyauta yake buɗewa ba sai ka tuƙa ɗan makullin nan ka harbe gizo-gizo. Ba sata ba ce. Sai dai zane zai nuna maka na abin da za ka yi a wurin, teburin kai za ka zauna ka buga.

Ɗan Sabon Gari:
Malam da girmanka, kai da ka ce min a YouTube ka gama shi. Wanda ya kalla ya kwafa ai bai da ta cewa a nan.

Malam Lakwal:
Wuri biyu na kalla cikin wasa duka, kuma ban ɓoye ba. Kai ka kai ƙarshen?

Ɗan Sabon Gari:
Ban kai ba amma duk inda na taka da kaina na taka.

Ƴar Birni:
Ku bar gardama yaro na jira. Ni na ci shi ba littafi ba bidiyo. Daina bin layi guda kana fatan bai gani ba, yana gani. Duk sanda ya jera uku kuma bakin biyu a buɗe, toshe nan take, in ya kai huɗu a haka an gama da kai. Kai kuma ka tara naka kusa da juna yadda ɗa guda zai buɗe maka layi biyu lokaci ɗaya, ɗaya a miƙe ɗaya a karkace, guda kaɗai zai iya tarewa. Ni a takardar lissafi mai gida-gida na yi ta gwadawa da ƙanwata har hannuna ya faɗa, washegari bugu na huɗu na ci shi. Kada ka shiga YouTube, hotunan gefen nan kaɗai sun isa su tona maka ƙarshe.

Ɗan Garin Malam:
Na gode Yaya, Allah ya saka. Zan nemo takardar, amma sai an kawo wuta, caji saura 9.

Sarkin Fada:
Ku ma babu? Mu tun azahar, ga zafin nan, ƙanƙarar maƙwabciyarmu duk ta narke a firigo.

Na Zengo:
Nan sau uku aka kawo aka ɗauke, na ƙarshen da ƙarfi ya zo ya ƙone min caja.

Mai Kabu-kabu:
Haka bakin cajina ya fara lalacewa fa. Kada ka bar waya a jone in an ɗauke. Kuma masu cajin kuɗi sun ƙara, jiya dala talatin aka karɓa wurina.

Ƴar Birni:
Dala ashirin ne a unguwarmu. Wa ya san inda ake samun ƙaramin sola mai kyau a kasuwar Dole, wanda ba ya mutuwa bayan wata biyu?